Wasiƙa zuwa ga ƙanwata, sabuwar malamar lissafi

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya maigida da yara, ya kuma sanyin Katsina. Na ga saƙonki kan 'yan ajinki na JSS 1, cewa da zarar kin rubuta x a allo sai fuskoki su canza, ajin ya yi tsit. Shawarata ita ce ki ajiye x ɗin nan tukuna na mako biyu, ki shiga da su ta ƙofar wasa ƙwaƙwalwa.

Ki ce wa yaro ya riƙe wata lamba a ransa, kada ya faɗa wa kowa. Ya ninka ta sau 3, ya ƙara 7, sannan ya gaya miki abin da ya samu. A ce ya ce 40. Nan take ki ce masa 11 ya riƙe. Za su yi ta mamaki, wasu ma su ce malama tana duba. Ki bar su su matsa miki lamba kafin ki tona asirin: abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara warwarewa. An ƙara 7, sai a ɗebe 7, saura 33. An ninka sau 3, sai a raba gida 3, ga 11. Ɗebewa tana warware tarawa, rabawa tana warware ninkawa.

Wurin da za su yi tuntuɓe shi ne jerin aikin, a nan za ki daɗe. Da yawa za su fara raba 40 gida 3, su samu gutsure, su rikice. Ni nakan ce musu wanda ya tashi daga Tudun Wada ya shiga ta Ƙofar Doka, ya wuce Babban Dodo ya isa Fada, in zai dawo Babban Dodo zai fara tararwa kafin Ƙofar Doka. Ke sai ki nemi hanyar da yaran Katsina suka sani.

Kuma ki nuna musu iyayensu na yin wannan lissafi kullum. Mai awara ta kashe rabin kuɗinta a waken suya, ta sayi mai na naira 500, ta duba jaka saura 1,500. Nawa ta fito da shi? A mayar da 500, ya zama 2,000, a ninka biyu, 4,000. Yarinyar da ke wa uwarta talla za ta riga kowa ba ki amsa, kuma sau da yawa ita ce aka ɗauka ba ta da ƙoƙari. Wannan na damuna ƙwarai.

Sai sun ƙware sannan ki kawo wanda komawa baya ba ta isa a kansa. Kowa ya riƙe lambarsa, ya ninka biyu, ya ƙara 10, ya raba biyu, ya cire lambar da ya fara riƙewa. Duk ajin 5 za su samu, mai 3 da mai 900. Ki tambaye su dalili. Ba za su iya gwada kowace lamba ba, dole a samu abin da zai tsaya a madadin dukansu. To yanzu ki rubuta x. Ya zama 2x, sai 2x + 10, sai x + 5, a cire x saura 5. Da idonsu za su ga inda lambar ta ɓace. Daga nan ki ƙara wuta: na ninka lambata sau 5 na ɗebe 6, na samu daidai da in na ninka ta sau 3 na ƙara 8. Wato 5x − 6 = 3x + 8. A cire 3x ta ɓangarorin biyu, a ƙara 6 ta ɓangarorin biyu, 2x = 14, lambar 7 ce. Ki sa su gwada, duka biyun 29 za su bayar. Ki kuma ja kunnensu cewa ninkawa da sifiri ba ta warwaruwa, domin kowace lamba sifiri take komawa.

In sun ce wannan karatun Turawa ne, ki ba su labarin Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ba harafi ko ɗaya a madadin lamba, kuma babban kaso na littafin kan wasiyya da rabon gado yake. Ga kuma ɗan garinsu, Muhammad ibn Muhammad al-Kashnawi, wanda ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ki zana musu hatimi mai gida tara na 1 zuwa 9, wanda kowane layi ke ba da 15, ki goge wasu gidaje su cike da ɗebewa.

Ki rubuto mini yadda aka yi, musamman da masu zama a bayan aji. Inna tana gaishe ki, ta ce kada hutun nan ya wuce ba ki kawo mata yara ba. Ki gaida maigida.

Wassalam,
Yayanki.