Abin da ramin kuza ya koya mini

Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar ruwa ce, domin akwai abin da ya same ni wanda in na yi shiru ban kyauta wa samarinmu ba.

Duk wanda ya tashi a Jos ya san tafkunan nan da ke warwatse daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Yawancinsu ramuka ne da kamfanonin Turawa suka bari bayan haƙar kuza, aikin da ya kawo kakanninmu da dama garin nan tun farkon ƙarni na 20. Ruwa ya cika su, mu kuma a ciki muka koyi iyo. Ko bayan na gama sakandare na koma taya Baba zama a shago, ban daina ba. Duk Lahadi da safe mu takwas ne muke haɗuwa mu yi tsere daga wannan gaɓa zuwa waccan, wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi shayi da burodi. Ba alfahari ba, ban taɓa saye ba.

Wata Lahadi cikin Janairun 2023, ana tsakiyar hunturu, na makara. Ban tsaya motsa jiki ba, na tuɓe riga na faɗa. Wallahi ji na yi kamar an matse mini ƙirji, numfashi ya ƙi daidaita, amma girman kai ya hana ni komawa. Ina kaiwa tsakiya sai sha-raɓata ta dama ta ɗaure tamau. Na sha ruwa sau biyu kafin wani abokina ya cafko ni ta baya ya jawo ni gaɓa. Muka yi alkawari ba wanda zai faɗa a gida.

Wanda ya tona asirin kuwa fitsari ne. Tun kafin ranar nake ganin ɗigon jini a ƙarshensa, abokai suna cewa ai ba komai ba ne, kowa ya yi ya wuce. Ƙanena ne ya gani ya kai rahoto. Baba ya kira ni ya ce, "Kai, tun yaushe?" Na ce, "Baba, an kwana biyu." Bai ƙara ko kalma ba, ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai ranar rasuwa, muka tafi asibiti.

Da aka gwada, likita ya ce tsargiya ce. Ya yi mini bayani cewa wata tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi, tana huda fatar mutum a cikin ruwa, ba sai ka sha ba. In aka ƙyale ta shekaru tana lalata mafitsara, tana iya taɓa ƙoda, har ta kai ga ciwon daji. Maganinta praziquantel, gwargwadon nauyin jikinka, amma ba ya hana ka sake kamuwa in ka koma ruwa mai ita.

Ganin yana da sauƙin kai sai na ba shi labarin tseren. Umma dai da ta ji cewa ta yi 'yan ruwa ne suka ja ni. Likita ya ce, "Samari, Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, sanyinta ba irin na Kano ba ne. Ruwan sanyi in ka faɗa masa kwatsam, numfashi yake fara ƙwacewa, sannan ya kashe ƙarfin hannu da ƙafa. Ramin kuza kuma ba shi da gangare, taku biyu ka yi zurfi." Ya sa na ɗaga hannu sama, na yamutsa fuska. Ya ce wannan ciwon kafaɗa na masu iyo ne, jijiyar da ke aiki ɗaya ba hutu ce take kumbura, kuma ɗan shekara ashirin da biyar ba ya warkewa da saurin ɗan goma sha biyar.

Ban daina iyo ba, 'yan'uwa, amma na daina ramin kuza. Yanzu kuɗi nake biya in shiga wurin iyo na otal inda ake sa wa ruwa magani, in yi minti goma ina ɗumama jiki kafin in shiga, in kafaɗa ta yi magana in ba ta mako guda. Cikin mu takwas, uku sun je gwaji, biyu an same su da ita. Sauran huɗu har yau suna zuwa duk Lahadi, kuma na san biyu daga cikinsu suna karanta shafin nan.

Ku nake yi wa wannan rubutu. Ku je a gwada ku. Shayin kuma na ɗauka, ni zan saya.

Allah ya kare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.