Abin da Iyakar Illela Ta Koya Mana Game da Korar Ma'aikata

Duk ɗan Illela ya san yadda aiki ke mutuwa a dare ɗaya. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe tamu ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Duka lokutan biyu, 'yan dako da masu lodin tirela da 'yan kabu-kabun da ke kai fasinja Konni sun wayi gari ba abin yi. Babu wanda ya tambayi wa ya fi ƙwazo a cikinsu. Daga sama aka yanke hukunci, shi ke nan.

Mu masu rubuta manhaja mun ga irin wannan a sana'armu. A Nuwambar 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami mutum 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000. Guguwar ba ta tsaya a Amurka ba, domin Twitter ya sallami kusan duk ma'aikatan ofishinsa na Accra. Tun kafin nan, a Satumbar 2019, Andela ya rabu da ƙananan masu manhaja kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda.

Me ya sa ake yin ta tari guda? Tushen maganar kuɗi ne mai araha. Lokacin annobar korona, babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa kusan zuwa sifiri, jama'a kuma na kulle a gida, komai ya koma intanet. Kamfanoni suka ɗauka haka za a ɗore, suka yi ta kwasar ma'aikata. Meta ya tashi daga mutum kimanin 45,000 a ƙarshen 2019 zuwa sama da 87,000 a 2022. Da bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022, har ya haura kashi 5 cikin 100, sai masu hannun jari suka daina jin labarin gobe, suka ce a nuna musu ribar yau. A kamfanin manhaja kuwa, albashi na cikin abin da ya fi cin kuɗi, nan wuƙa ke fara sauka.

Sai kuma kwaikwayo. Wanda ya taɓa tsayawa a karar Illela ya ga yadda farashi ke karyewa da zarar manyan dillalai biyu ko uku sun sassauta. Haka shugabannin kamfanoni suke. Wanda ya fara kora shi ke shan zagi, na biyar kuwa cewa zai yi kowa ma ya yi. Farfesa Jeffrey Pfeffer na Jami'ar Stanford ya daɗe yana cewa yawancin wannan kora kallon juna ce kawai.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba talauci ya kama su ba. Uwar kamfanin Google, wato Alphabet, ta ci ribar kusan dala biliyan 60 a 2022. Sallamar dubbai a rana ɗaya saƙo ne ga kasuwar hannun jari cewa shugaba ya ɗaure ɗamara. Da mutum goma-goma ake sallama a wata, ba wanda zai ji.

Ga ƙannenmu da ke koyon sana'ar nan, ta shirin 3MTT ko a wayar hannu cikin dare, ba cewa muke ku fasa ba. Sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gida. Amma ranar da wasiƙar sallama ta iso, kada ku ɗauke ta a matsayin awon basirarku, wanda ya sa hannu a kanta wataƙila bai taɓa jin sunanku ba. Ku riƙa ajiye wani abu tun albashi na shigowa. Ku kuma duba na kusa: mai kemis da ke rubuta bashi a littafi, dillalin albasa da lissafi ke rikice masa, makarantar da ke neman tsarin sakamakon jarrabawa. Kuɗinsu ba dala ba ne, amma su ba za su sallame ku don wani a California ya yi haka ba.