Yaron da Ke Rufe Fuska a Tursa

Muna yara a makarantar allo a Tursa, akwai wani da ba ya kwance ƙyallen da ke fuskarsa. Ranar da ƙyallen ya zame, muka hango haƙora ta cikin kuncinsa. Muka watse da gudu, har da ni. Manya suka ce aikin iska ne.

Sai da na girma na san sunan ciwon: noma, ba ta gona ba. Da gyambo yake farawa a dasashin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ya cinye leɓe da kunci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kan tsayar da shi da wuri. In an makara, kaɗan ke rayuwa.

Tun 1999 akwai asibitin noma a Sakkwato, inda likitoci ke ɗebo fata daga wani sashen jiki su gina kunci, su saki muƙamuƙin da ya kulle. Mu a lokacinmu babu shi.

Bai sake zuwa makaranta ba. Bara na tambaya a gida, ba wanda ya tuna sunansa. Ni ma na manta.