Ba kowace bishiya ce ke ciyar da ƙasa ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku shugabannin ƙungiyoyin jihohi da ke shirya dashen itatuwa duk damina, ku ɗan yi haƙuri ku karanta wannan har ƙarshe. Da ɗan tsawo, amma akwai dalili.

Aikin mastas ɗina a kan ganye ne da ƙasa. Eh, ganye. Abokan ɗakina har sun raɗa min "Sarkin Shara", don kullum na dawo daga gida Potiskum sai an gan ni da buhun busasshen ganye da ƙullin ƙasa a leda. Samfurin nan daga gonakin hanyar Fika da wajen Mamudo nake ɗebo shi. In auna kaurin bishiya a tsayin mita 1.3, in haƙa ƙasa a gindinta, in ƙara haƙawa a fili nesa da inuwarta. A ɗakin gwaji mu busar, mu niƙa, mu auna naitirojin da dabarar Kjeldahl, wadda ake amfani da ita tun 1883. Shekarun bishiya kuwa dattawa nake tambaya. Wani ya ce, "Ɗana, wannan darbejiyar bayan an ba mu Yobe aka dasa ta," ka san bayan 1991 ke nan. Wani ya dafa gawo ya ce, "Ni ma tasowa na yi na gan shi."

To ga abin da nake so ku riƙe. Ganye ba ɗaya ba ne.

Gawo dangin wake ne da gyaɗa. A saiwarsa akwai ƙananan halittu da ke kamo naitirojin daga iska, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Kuma halinsa daban ne: da rani yake kore, da damina ya kakkaɓe ganye. Ka ga ganyen ya zuba daidai lokacin shuka, ya ruɓe da wuri, gero ya samu taki, ga rana ba a tare masa ba. A Bambey ta Senegal an auna tun 1965, aka ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi ninki biyu na wanda ke fili.

Bagaruwa ita ma dangin wake ce, amma tana cike da sinadarin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi. Irinsa yana ɗaure naitirojin ɗin da ke cikin ganye, sai ya riƙa fita a hankali. Turare kuwa, wanda aka kawo daga Ostireliya, ganyensa mai ne da tauri. Yana daɗewa bai ruɓe ba, shi ya sa da wuya ka ga ciyawar kirki a gindinsa. Darbejiya daga Indiya ta zo, ta ba mu inuwa a titunan Potiskum, mun gode mata. Sai dai inuwar tata ba ta ɗaga wa gero ƙafa da damina.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce ta fi damuna. Ɗan gawo mai shekara biyar bai wani canza ƙasa ba tukuna. Ganyensa ɗan kaɗan ne, saiwarsa ba ta gama bazuwa ba. Tsohon gawo kuwa ya yi shekara arba'in ko fiye yana janyo abinci daga can ƙarƙashin ƙasa yana zubarwa a sama. Shanu da awaki suna zuwa cin 'ya'yansa da rani, su kwanta a inuwa, su bar kashi. Ko ba a je ɗakin gwaji ba, ɗebi ƙasar gindinsa a hannu ka kwatanta da ta fili: ɗaya ta yi duhu tana haɗewa, ɗaya rairayi ne zalla.

Yanzu ku duba yadda muke yi. Mu dasa darbejiya ɗari a makaranta, mu sa riga iri ɗaya, a yi hoto a ɗora a Facebook. A makon nan kuma a ƙauyenmu an kayar da gawon da ya girmi babanmu an sayar wa mai gidan burodi. A lissafin takarda mun ci ribar 99. A lissafin ƙasa kuwa, manomin nan ya yi asarar takin shekara arba'in, kuma badi sai ya ci bashi ya sayi na zamani.

Ba ina cewa a daina dashe ba ne. Amma maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna wata hanyar. Tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani: in kututture ya yi toho a gona, ba a ƙone shi, sai a rage rassan a bar masu ƙarfi su tashi a kan tsohuwar saiwa. Da wannan aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Yobe na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya shafa a ƙasar nan, wannan darasin namu ne.

Don haka in an zo taron shirya dashen bana, ku yi tambaya biyu: wace bishiya za a dasa, kuma wa zai kula da ita bayan mun gama karatu mun watse? In kun je gida hutu, ku zaga gonarku ku ƙirga tsofaffin gawo da suka rage. Ku faɗa min adadin da sunan garinku, ina buƙatarsa a babi na huɗu.