Dahab: Garin Da Ake Sayar Da Zurfi

Dahab ƙaramin gari ne a gabashin yankin Sina'i na ƙasar Masar, yana zaune tsakanin jajayen duwatsu da mashigin Aƙaba, reshen Bahar Maliya da ya miƙa arewa. Ma'anar sunan da Larabci ita ce zinariya. Daga Sharm el-Sheikh tafiyar awa ɗaya ce da ɗoriya a mota, kuma idan gari ya yi wasai mutum yana tsaye a bakin ruwa yana hango duwatsun Saudiyya a ɗaya gaɓar. Yawancinmu ta tagar jirgin alhazai muka san wannan teku, shuɗin shimfiɗa da ake wucewa kafin a sauka Jidda. Asalin garin zangon Badawiyyai ne na ƙabilar Muzaina. Yau kuwa abincinsa nutso: kusan kowane lungu akwai makarantar koyar da shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya, kusa da ita kuma akwai kantin sayar da kayan.

Na je can ne don samun takardar shaidar matakin farko, wadda ƙungiyar PADI take kira Open Water. Kafin a taɓa kaya sai an cika takardar lafiya, kuma ina roƙon duk wanda zai bi sahuna kada ya ɗauke ta wasa. Mai asma, mai ciwon zuciya da mai hawan jini sai likita ya amince. Mai cutar sikila kuwa, wadda ta yi yawa a gidajenmu, wannan harka ba tasa ba ce. Bayan nan akwai iyo na mita 200 ba tsayawa da zama a saman ruwa na minti 10. Sauran karatu ne, da atisaye a ruwa marar zurfi, da nutso huɗu a cikin teku. Wanda ya ci ya sami izinin sauka zuwa mita 18, shi ma tare da aboki.

Darasin da ya fi ba ni mamaki ya ci karo da abin da na tashi da shi. A wajenmu gwanin ruwa shi ne mai riƙe numfashi, irin masuntan Argungu da Yawuri da ke ɓacewa cikin kogi har mai kallo ya fara salati. A nan kuwa riƙe numfashi shi ne babban haramun. Dalili lissafi ne mai sauƙi. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na dukkan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Iskar da ka cika huhu da ita a mita 10, idan ka taso da ita ba ka saki ba, za ta ninka girmanta kafin ka iso sama, huhu kuma ba balan-balan ba ne. Wannan lissafin ne kuma yake bayyana yadda tukunyar da za ta ɗauke ka kusan awa guda a ruwa marar zurfi take ƙarewa da sauri a mita 30, inda kowane shaƙa ɗaya yake cin ninki huɗu. Abin da ke cikin tukunyar ma ba oksijin zalla ba ne kamar yadda mutane suke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, yawanci zuwa ma'aunin bar 200, ana kuma so ka fito da 50 a ajiye.

Ranar da aka ba mu sakamako, kafin rigunanmu su bushe, kasuwa ta buɗe. Titin bakin ruwa na unguwar Mashraba zuwa wurin da ake kira Lighthouse cike yake da kantuna, kuma masu su sun san fuskar sabon ɗalibi kamar yadda ɗan kamasho ya san baƙo a tasha. Wani daga cikinsu ya jera mini komai a kan teburi: ragileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin iskar tukunya ta kawo ta baki; falmaran da ake hura wa iska don daidaita nauyi a ruwa; rigar roba; takalman iyo; gilashin fuska; har da wuƙa. Cikakken saiti sabo yakan haura dala 1,000 cikin sauƙi. Ya ce mai kayan kansa ya fi mai haya kwanciyar rai. Ban musa masa ba, domin akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar ta mutumin da yake shiga ruwa duk mako ce.

Mutumin da ke zaune a Kano ko Zariya, tafiyar yini guda cur daga teku mafi kusa, lissafinsa daban. Ragileta ba rediyo ba ce da za a ajiye a kabad. A cikinta akwai ƙananan zobban roba da dole ƙwararre ya duba ya canza lokaci-lokaci, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, zafin bazara da ƙurar hunturu kuma ba abokan roba ba ne. Na'urar da ta shekara a ajiye ba a duba ba, ta fi ta haya da ake kula da ita kullum haɗari. Rigar roba ita ma ta wuri ce: a Dahab ruwan yana sauka zuwa kimanin digiri 21 a sanyi, ya hau zuwa 27 ko 28 a zafi, saboda haka mai kaurin milimita 5 da ta dace da Janairu za ta dafa ka a Agusta. Wadda ka saya don wannan teku ba lallai ta yi maka aiki a wani ba.

Abu ɗaya ne na ga bai kamata a yi hayarsa ba, shi ne gilashin fuska. Fuskoki ba ɗaya suke ba, kuma da yawan waɗanda ke rataye a kantuna ba don faɗin hancinmu aka ƙera su ba. Gwajin ba shi da wuya: ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka ɗan ja numfashi ta hanci, ka saki hannu. Idan ya manne, ya yi. Sai da na gwada fiye da goma kafin na dace, kuma wanda ya zauna mini yana cikin masu araha. Mai gashin baki ya sani ruwa zai riƙa tsiyayo masa ta ƙarƙashin hanci sai ya rage shi kaɗan. Mai sa tabarau kuma ana iya sa masa gilashin da ya dace da idonsa. Bayan wannan sai takalmin roba mai tauri a ƙasa, domin a Dahab da ƙafa ake shiga ruwa ta kan duwatsu, ba daga jirgi ba. Na uku, ga wanda ya tabbata zai ci gaba, kwamfutar nutso ce da ake ɗaurawa kamar agogo. Ita ke lissafa yawan naitirojin da jiki ya sha, ta faɗa maka mintuna nawa suka rage, ta yi ƙara idan kana tasowa da gaggawa. Mafi sauƙin kuɗi a cikinsu ta ishi mai koyo shekaru.

Sayar da kaya bai dame ni ba kamar sayar da zurfi. Wurare biyu da suka yi wa Dahab suna, wato Canyon da mashigar Bells da ke kaiwa ga Blue Hole, duk suna neman wanda aka yarje wa mita 30. Saboda haka tun a ranar farko ake kwaɗaita wa ɗalibi mataki na gaba, Advanced Open Water: nutso biyar cikin kwana biyu, ɗaya na zurfi, ɗaya na sanin hanya da kamfas, uku na zaɓi. A ƙa'ida babu laifi, ana iya shigarsa kai tsaye. Amma a duba lissafin: huɗu da biyar tara ke nan. Mutum mai nutso tara a duniya yana riƙe da kati mai sunan da ke nuna ya yi nisa. Sunan ne yake ruɗi, ba karatun ba.

Malamin da ya koyar da ni, Bamasare mai ƙarancin magana, na tambaye shi ra'ayinsa. Ya ce, “Malam, ka iya tsayawa cak a mita biyar na minti uku, ba ka motsa hannu ba, ba ka taɓa ƙasa ba?” Wannan tsayawar ita ce ake yi a ƙarshen kowane nutso don jiki ya rage naitirojin. Ya ce duk wanda bai mallake ta ba, zurfi ba zai ƙara masa komai ba sai saurin ƙarewar iska. Na ɗauki shawararsa, na sa kuɗin cikakken saitin nan a cikin ruwa: nutso biyu kullum a Lighthouse da Eel Garden, inda ɗaruruwan siraran kifaye masu kama da macizai suke tsaye cikin yashi suna rausaya, su nutse cikin ramukansu idan ka matso. A waɗannan kwanaki ne aka yi ta rage mini dalmar da ke ɗamarata, numfashina ya lafa, na daina tayar da yashi a fuskar na bayana. Daidaita nauyi da huhu ake yinsa fiye da maɓallin falmaran: ka shaƙa ka ɗan tashi, ka fitar ka ɗan sauka. Ba a karanta shi a littafi, kuma shi ne yake raba mai kallon murjani da mai karya shi da ƙafa.

Blue Hole na je na gan shi daga sama, da gilashi da bututun numfashi. Yana 'yan kilomitoci arewa da gari, a ƙarshen hanyar da motocin a-kori-kura suke bi ɗauke da tukwanen iska. Rami ne a cikin murjani dab da gaɓa, zurfinsa ya kai mita 100, shuɗinsa kuma yana da wani irin jan hankali. A jikin dutsen da ke gefen hanya an kafa allunan tunawa da waɗanda suka shiga ba su fito ba, da harsuna daban-daban. A kimanin mita 55 akwai wata ƙofa da ta ɓulle zuwa buɗaɗɗen teku, ita ce ta ci mafi yawansu. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce. Tun daga wajen mita 30 naitirojin yake fara juya kai kamar maye, mutum ya ji daɗi da ƙarfin hali a daidai lokacin da tunaninsa ya ragu. Da yawa daga cikin masu sunayen ba sababbin shiga ba ne. Yuri Lipski, wanda ya mutu a can a shekarar 2000 kyamararsa tana ɗauka, shi kansa malamin nutso ne.

Ban ce kada a ƙara karatu ba. Matakin mita 30 yana da amfani idan an zo masa da nutso ashirin ko talatin a littafi, a hannun malamin da aka zaɓa don haƙurinsa, a makarantar da ke da lasisin hukumar CDWS mai kula da harkar a Masar. A tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya yake ɗauka, a kuma dubi ko akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a motar da za ta kai ku. A ganina ma kwas ɗin da ya fi cancantar a tara masa kuɗi shi ne na ceto, Rescue Diver, wanda ke koya wa mutum gane firgici a idon abokinsa tun bai zama masifa ba, da yadda ake fito da wanda ya suma.

Akwai kuma abin da masu shirya yawon buɗe ido ba kullum suke tunatarwa ba. Daga Dahab ake ɗaukar baƙi da dare zuwa Dutsen Sina'i, wanda mutanen wurin ke kira Jabal Musa, don su ga fitowar rana daga tsayin mita 2,285. Ga wanda ya yini a ƙarƙashin ruwa, hawa can daidai yake da shiga jirgin sama: matsi ya ragu, naitirojin da ya rage a jini ya iya yin kumfa. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa. Akwai ɗakin matsi na jinyar wannan ciwo a Dahab, akwai wani a Sharm el-Sheikh, jinyar kuma tana da tsada ga wanda ba shi da inshorar nutso. Ni dutsen na sa a farkon tafiyata, kwanan ƙarshe kuma na bar shi fanko, na zauna a kan kilishi a bakin ruwa ina shan shayin Badawiyyai mai ganyen habak, har lokacin tashi ya cika.