Gwiwar Maigida da Maganar Sujada

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe wa maigida alƙalami a nan zangonmu na Kumasi, ban taɓa jin ya koka da jikinsa ba sai bara, ranar da ya kasa ɗagowa daga sujada a sallar Asuba har sai da mutum biyu suka kama shi. Kafin nan an yi ƙaho, an shafa man zafi, an sha saiwoyi, an kuma yi allurar da ke kwantar da ciwon gwiwa na 'yan watanni.

Da likitan ƙashi ya ɗaga hoton, sai ga gaskiya fili. Guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Shi kuwa guringuntsi idan ya tafi ba ya tsirowa.

Ni a da, idan na ji an ce sauya gwiwa, zatona ana yanke ta ne a jefar. Ashe bakin ƙasusuwan ake fefewa, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakani. Idan ɓangare ɗaya kaɗai ya lalace, akan gyara shi a bar sauran. Mai wannan aikin ya fi saurin warkewa, amma ciwon na iya kama ɗaya ɓangaren daga baya. Idan lalacewar ta game ko'ina, sai a sauya duka, kuma irin wannan gwiwa takan kai shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye. Tun washegari ake tayar da mutum ya taka, sannan a shiga motsa ƙafar na makonni. Likitan bai ɓoye mana haɗarin gudan jini da shigar ƙwayoyin cuta ba, ya ce dole a fara daidaita sugan maigida.

Duk wannan maigida na sauraro shiru. Can sai ya juyo ya ce, "Malam, tambaye shi, zan yi sujada?"

Na tambaya. Likitan ya ce sabuwar gwiwa takan lanƙwasu zuwa wajen digiri 120, zaman tahiya kuwa na neman kusan 150. Wasu sukan durƙusa bayan watanni, da yawa kuma ba sa iyawa. Abin da zai iya fata shi ne ciwo ya ragu ƙwarai, tafiya ta dawo.

A mota na tuna masa hukuncin sallar mara lafiya da muka karanta a Risala tun muna zaure, cewa wanda ya gaza ya yi a zaune. Ya ce ya sani, ai shi ya sha karantar da wasu. Sai na gane kujerar da ke gefen sahu ce ke yi masa nauyi, gaban mutanen da suka saba ganinsa bayan liman. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ma masallacin ya fara gagarar ka."

Kwana uku bai tada zancen ba. A na huɗu, bayan La'asar, ya ce in ɗauko takarda in rubuta wa 'ya'yansa da ke Akara da Kano a fara haɗa kuɗin aikin. Kujerar kuma, ya ce kafinta ya yi ta gajera.