Dala Ɗari a Tanda

A watan Fabrairun 2023, lokacin da sabbin takardun naira suka yi wuyar samu, na tashi daga Birnin Kebbi zuwa Tanda ta Nijar duba kawuna da ke kwance. Abin da ke aljihuna bai wuce kuɗin mota ba, duk dogarona kan katin banki yake.

A Kamba, bakin iyaka, wani dattijo ɗan canji ya dubi katin ya ce, "Ɗana, wannan iyakarsa nan. Turo naira ta waya, in ƙirga maka sefa." Sai da ya buga waya ya ji farashin ranar, domin naira kullum motsi take yi, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro. Saƙo na shiga wayarsa ya lasa yatsa ya fara ƙirge. Na so manyan takardu kada aljihu ya kumbura, ya ƙi. Ya haɗa mini 'yan jika-jika da tsaba, ya ƙulle a leda. Allah Ya saka masa. A Gaya, bayan na shiga Nijar, na gwada katin a na'urar wani banki, ta maido mini shi ba ko sisi.

Tanda garin Dendawa ne kusa da kogin Kwara, amma Hausa na ci a kasuwa. Na tsaya sayen busasshen kifi, mai kifin ta ce dala ɗari. Gabana ya faɗi, domin a wajenmu dala kuɗin Amurka ce. Ɗan kawuna ya ce, "Yaya, nan dala ɗaya sefa biyar ce. Sefa 500 take nufi." Jika guda kuwa dala metan, wato sefa 1,000. Da na miƙa mata 'yar jika goma, da sai ta zaga rumfuna neman canji.

Kwana uku bayan haka muka haye gadar kogin zuwa Malanbil ta Benin sayo masara. Ƙasa ta sake, kuɗi bai sake ba: Nijar da Benin suna cikin ƙasashe 8 masu sefa ɗaya, babban bankinsu na Dakar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar, jama'a suka koma kwale-kwale, shi ma tsabar kuɗi yake karɓa.

Ɗan'uwa, in za ka Tanda, yi canjinka tun daga Kamba, ka nemi ƙananan takardu, kuma ka koyi lissafin dala kafin ka taya kaya.